Kawunan da Suka Ƙi Aiki

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, tunda ku kuka tambaya. Tun da na fara koyarwa a ɗakin kwamfutar nan, babu ajin da bai tare ni da maganar ba: Anti Rakiya, wai da gaske aikin kutse kika yi a Dubai? Sai ku tsare ni da ido kamar zan danna maɓalli ɗaya wutar Kaduna ta ɗauke, alhali ita da kanta take ɗaukewa, ba sai an taimaka mata ba. Fim ya ɓata ku, wallahi. Kuna ganin yaro da hular sanyi a ɗaki mai duhu yana dukan kwamfuta da yatsu goma, kafin shayinsa ya huce ya gano ɓarawo. Ni ban taɓa fasa kwamfutar kowa ba. Aikina shi ne a tara min saƙonni da lambobin waya da hotunan da alƙali ya ba da izinin a duba, in zauna in tsefe su, sannan in ce wa hukuma ga mutumin da kuke nema, wancan kuma ku ƙyale shi, ba ruwansa. Na farkon kowa yana ɗokin ya koya. Na biyun ne ya fito min da furfurar nan da kuke leƙe a gefen ɗankwali.

A shekarar 2016 ma'aikatar da nake wa aiki ta ba da aro na ga wata tawagar haɗin gwiwa ta gwamnatoci. Ana neman mai jin Hausa wanda kuma ya san kwamfuta, saboda masu yaudarar 'yan matanmu da bizar aiki sun yi yawa. A kawo yarinya da sunan tsaron shago, a karɓe fasfonta tun daga filin jirgi, a miƙa ta wani gida ko wata ƙasar gaba, shi ke nan, iyayenta sai dai addu'a. Ofishinmu ba shi da allo a ƙofa. Kana shiga za ka jefa wayarka a akwatin ƙarfe ka kulle. Kayan aikina allon kwamfuta biyu ne, da abin ji na kunne, da wata manhaja mai zana mutane ɗigo-ɗigo tana ja musu zare, wane ya kira wane, wane ya tura wa wane, har allon ya koma kamar saƙar gizo-gizo. Akwai kuma injin fassara da nake kira Sarkin Shirme, tun ranar da ya fassara "ina gajiya" da cewa mutumin yana cigiyar wata mata mai suna Gajiya.

Aikin farko da aka ba ni lambar waya ce guda ɗaya. Wanda ya ba ni sunansa Baba Usman, Bahaushen Sudan, shi ya koya min sana'ar. Kakanninsa sun taso daga wajen Haɗeja a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon da ba a tashi ba ke nan har yau. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in ya buɗe baki sai in ji kamar kakata ce ta dawo duniya da gemu. Ya ce in gano masa mai lambar. Kafin la'asar na dawo da suna da hoto, ina tafiya ina jin kaina.

Ya duba, ya cire tabarau. "'Yata, wannan sunan wanda ya sayi layin ne, ko na wanda yake riƙe da shi?"

Kafin in buɗe baki ya ƙara.

"Ko kuwa na wanda ya ara ranar nan ya kira matarsa?"

Daga ranar ya hana ni rubuta sunan kowa. Watanni ina zaune ba abin da nake yi sai saurare da karatu, har na fara tunanin tsohon nan ya tsane ni ne. Ashe hannu yake koya min. Kowane mutum yana da hannunsa a waya: yadda yake gaisuwa, kalmar da yake gutsurewa, lokacin da yake ɓacewa ya je salla ko cin abinci, wanda yake fara nema in ransa ya ɓaci. Ya ce min in na rubuta suna, ƙofar gidan mutum na nuna wa 'yan sanda, don haka in tabbata gidan ne.

Masu karɓar aikinmu kuwa jami'ai ne, na can da na gida, kuma babu kalmar da suka tsana irin "wataƙila". Suna ɗaya suke so, su kai filin jirgi, duk ranar da mai sunan ya zo shiga ko fita a ja shi gefe. Shugabarmu Balarabiya ce, Ustaza muke ce mata, mace mai adalci amma mai wutar ciki. Za ta tsaya a bayan kujerarki ta ce, "Yalla, maza, Rakiya, suna." In kika ce shwayya shwayya, wato a bi a hankali, sai ta tuna miki cewa a daidai lokacin da kike shan shayi akwai yarinyar da aka kulle a bayan kicin ɗin wani ba ta san ko wace unguwa take ba. Kuma gaskiyarta. In kin yi nawa wata tana shan wuya, in kin yi gaggawa kin jefa bawan Allah a rami. Babu manhajar da ke ɗauke miki wannan, ko nawa aka saye ta.

Akwai dokar da ba a faɗa min ba sai da na sauka: ba ni ba cuɗanya da Hausawan Deira. Can ne tsohuwar kasuwa, can 'yan kasuwarmu suke sauka, can shagunan kago masu tura kaya gida suke, kuma a cikinsu akwai waɗanda muryarsu take kunnena kullum. Aka kama min ɗaki a International City, cikin 'yan China da 'yan Indiya, inda maƙwabcinka zai shekara bai san ko kana da rai ba. Ku da kuke mafarkin zaman waje, ku ji da kyau. Nakan yini ina jin Hausa tun safe har yamma, mutane suna gaisawa, suna tsokanar juna, suna tambayar jikin Inna, amma babu mai ce min ina kwana sai Baba Usman. Wata Juma'ar in abin ya ishe ni sai in hau bas, in shiga kwalekwalen abra in tsallaka ruwa zuwa Deira, in zura baƙar abaya in ratsa layin masu atamfa da turare kamar mai neman wani abu. Sai in ji wani yana cewa, "Kai Alhaji, ka rage mana mana, ai mu ma 'yan gida ne." Daga wani bene ƙamshin daddawa yana saukowa. Bakina ya cika da amsa, in haɗiye. In wani ya tare ni da tallan kaya sai in amsa da Turanci in wuce. Kewa ta ci ni a garin nan, ba zan ɓoye muku ba.

To ga aikin da nake so ku ji, don shi ne amsar tambayarku. Wajen ƙarshen 2019 muna bin wani da 'yan matan da aka ceto suke kira Ejan kawai. Babu wadda ta taɓa ganin fuskarsa, yaransa ne ke karɓar su. Ba ya kira, ba ya tura murya, rubutu kawai yake yi, gajere, babu sallama. Kuma a bakinsa yarinya ba mutum ba ce, kai ce. "Kai nawa suka iso?" "Wannan kan ya ƙi aiki, a canza shi." Haka yake rubutawa. Muka bi zaren har ya tsaya a kan wani layin Dubai, kuma layin da fasfon wani ɗan kasuwar Kano aka saye shi. Ba zan faɗi sunansa ba. Matarsa Abban Nana take ce masa, mu ma mu kira shi haka.

Abin da ya ɗaure shi shi ne saƙonninsa na murya a kan layin nan. Yana yawan magana da ƙaninsa da ke tsare masa shago a gida, kuma maganar ba ta wuce ta kawuna. "Na samo kawuna masu kyau wannan karon, akwai sababbi, akwai waɗanda suka taɓa aiki a wajen Larabawa." Ko ya ce, "Baƙaƙen sun fi fararen juriya, kar ka bari a ruɗe ka da kyau." Wanda ya fi muni shi ne na ranar da ƙanin ya ce akwai wanda ya ƙi aiki, shi kuma ya amsa cikin natsuwa, "Ka ɗan bubbuga shi tukuna. In ya ƙi, ajiye min shi, in na zo zan dawo da shi a canza." Sarkin Shirme ya fassara wannan, kuma wannan karon bai yi shirme ba, kalma da kalma ya kawo. Kowa a ofis ya ce magana ta ƙare: mutum ɗaya ne, in zai yi ɓarna ya rubuta, in yana cikin 'yan uwansa ya saki baki. Abin da ya rage in sa hannu a kai sunansa filin jirgi. Daga nan sai ɗauri, in ma ya fito babu shi babu Dubai, kuma a Kano ko ɗansa ba zai iya ɗaga kai a kasuwa ba.

Ni kuwa hannun bai yi min ba. Mai muryar nan ba ya iya tambayar farashin allura sai ya gaida mutum ya gaida gidansu kaf, har da akuya in akwai. Mai rubutun ko "slm" ba ya yi. Na kai wa Baba Usman damuwata lokacin cin abinci, yana ɓare dabino.

"Mugu ma yana gaida uwarsa," ya ce.

"Haka ne, Baba. Amma ka san abin da mutanenmu suke yi da layi? Mutum ya zo sayayya na ɗan lokaci, ba zai sayi sabo kullum ba. Sai ya bar tsohuwar waya da layinta a durowar shagon kago. Duk ɗan garinsu da ya sauka ya ce a ba shi wayar Alhaji wane, ya yi amfani, in zai tafi ya mayar. Ba a hana wa, hanawar ma abin kunya ne."

"Ko ba ka san mutum ba?"

"In dai ya ce wane ne ya turo shi."

Ya girgiza kai yana murmushi. "Mutanena ke nan. To amma kawunan fa? Da bakinsa ya faɗa."

Kunnena ya shekara uku yana jin kai da ma'ana ɗaya, ya riga ya karkace. Na je wajen Ustaza na roƙi lokaci. Ta dube ni ta ce mutumin zai shigo sayayya nan gaba kaɗan, ta yarda a bar shi ya shigo mu ƙara saurare, amma ba zai fita ba sai na kawo dalilin da za ta iya ajiyewa a gaban alƙali. "In babu, khalas, shi ke nan, da hannunki za ki tura sunan."

Ya shigo kuwa, sai annoba ta rufe duniya a kansa. Wannan ita ce muguwar shekarar sana'armu, kamar ta kowa. Jirage suka tsaya, aka kulle unguwar kasuwa, rabin tawagarmu suka koma ƙasashensu, mu da muka rage muna shiga ofis jefi-jefi da takunkumi, kowa a kusurwarsa. Layukan da muke bi suka yi tsit. 'Yan matan da muke nema suka ƙara nisa, don yanzu ko ƙofar gida ba mai buɗewa. Layi ɗaya ne bai yi shiru ba, na Abban Nana, wanda ya maƙale a wani ƙaramin otal a Deira tare da wayar durowa a hannunsa, ba abin da ya rage masa sai magana da gida.

A watannin nan na san gidan nan kamar a cikinsa aka haife ni. Na san Nana ta sauke izu ana jiran uban ya dawo a yi walima. Na san matarsa in tana fushi sai ta ce masa "ranka ya daɗe". Na san ƙanin ba ya buɗe shago da wuri, kuma yana ƙarya a kai. Ina zaune a ɗaki mai sanyin na'ura, bakina a rufe da ƙyalle, ina dariya ni kaɗai in an yi abin dariya a wani tsakar gida da ban taɓa gani ba. Ba daidai ba ne ma'aikaci ya saba da wanda yake bi, Baba Usman ya gargaɗe ni, na ce to. Amma mutumin da ya yi shekaru ba a kira shi cin tuwo ba, in ya ji ana kwasa a maƙwabta, hancinsa ba ya neman izini.

Sai mahaifiyarsa ta kwanta. Da farko zazzaɓi aka ce, daga baya ta daina cin abinci. A lokacin tsofaffi suna ta tafiya a gida, kowa ya sani, kullum sai ka ji an yi rashi. Ƙanwarsa takan kanga mata waya a baki ta yi magana, murya kamar ana jan zare. Ba ta doguwar magana. "Ka taho," take cewa. "Ka bar kayan, ka taho." Shi kuma ya amsa da murya mai ƙarfi, Inna ina nan tafe, jirgi kawai ake jira, sannan ya tura wa ƙanin wani saƙon daban muryarsa tana rawa, ya ce don Allah a gaya masa gaskiya. Da aka fara shirya jiragen kwaso waɗanda suka maƙale, ya yi ta zirga-zirga har ya samu kujera. Ya sanar da gida, aka yi ta hamdala. Ni kuwa na san abin da bai sani ba: in ban kawo dalili ba, iyakarsa layin duba fasfo.

Wata safiya ina sauraren saƙon da ya tura wa mai shagon kago, inda kayansa suke jibge a sito tun kafin kulle. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Don Allah in an bari kun buɗe, ka sa a duba min kawunan nan. Zafin garin nan da gumin teku, ina tsoron tsatsa. A ɗiga musu mai a juya su kaɗan."

Na tsayar. Na mayar baya na sake ji. Tsatsa. Sai ga ni a ɗakin mahaifiyata a Funtuwa, tana zaune gaban keken ɗinkinta da 'yar kwalbar mai mai dogon baki, tana ɗiga wa baƙin kan tana juya shi da tafin hannu. Kan keke, jama'a. Mutumin nan kawunan keken ɗinki yake saya, sababbi daga kantunan 'yan China, tsofaffi daga shagunan telolin da suka canza kaya, ya tura gida a haɗa musu ƙafa da teburi a can, don ƙafar nauyi ce kawai a kago. Shi da ƙaninsa sun shekara ashirin a sana'ar, me zai sa su tsaya cewa keke? Duk mai sayar da keken ɗinki kai yake cewa, kamar yadda mai shanu yake cewa kai, kamar yadda wancan la'ananne ya ari kalmar ya ɗora wa 'ya'yan mutane.

Na tashi na nufi teburin Baba Usman har ina tuntuɓe da wayar wuta. Ya saurara, ya ce, "Keke ba abin hawa ba ne?"

"Na ɗinki, Baba."

"Mu makana muke ce mata." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kin ga abin da zama a bakin Nilu ya yi min. Ina da Hausar kakana, ba ni da ta kasuwa."

Ustaza ba ta yi dariya ba. Ta ce fassara ce, kuma lauya zai iya kawo wata fassarar. Ko da kekunan gaskiya ne, me zai hana mai keke ya zama Ejan? Abu biyu take so: a ga kayan da ido, kuma a nuna mata Ejan a wani wuri alhali wayar tana hannun wannan. Na ji haushinta a ranar, har na fita na tsaya a baranda ina huci cikin takunkumi. Amma da ni ce a kujerarta abin da zan nema ke nan.

Muka raba aikin. Ni na rubuta buƙatar a tura jami'ai siton, abin da a lokacin kulle sai an bi ofis-ofis ana neman izini, kowa yana aiki daga gida, kowa yana cewa inshallah gobe. Baba Usman kuma ya koma kan tsofaffin rubuce-rubucen Ejan. Hujjarsa mai sauƙi ce: in mutum biyu ne, to kulle ya raba Ejan da durowar nan, dole ya nemi wata ƙofa, kuma duk inda ya je da hannunsa zai je. Tsohon nan ya zauna yana bin sababbin tallan aikin waje da ake watsawa a zaurukan matasa na intanet, ɗaya bayan ɗaya, idonsa yana ruwa, yana ɗiga magani yana ci gaba. Ni ina gefe ina kallon ranar jirgi tana matsowa, a kunnena kuma ana ta shirin tarbar Abban Nana, matarsa tana tambaya ko a yi masa dambu ko waina.

Baba Usman ne ya fara samu. Wani sabon asusu, daga wata ƙasar daban, yana rubutu babu sallama, yana gutsure kalmomi irin gutsurewar da muka sani, yana tambayar kai nawa aka tanada in an buɗe hanya. Kuma ya yi wannan rubutun a daidai lokacin da Abban Nana yake kan waya yana lallashin Innarsa ta sha kunu. Hoton sito kuwa sai ana gobe jirgi ya iso. Akwatunan katako, an ɓalle murfin ɗaya, ga su nan jere a naɗe da tsohuwar jarida, baƙaƙe masu zanen ruwan gwal, wani jami'i ya ɗaga ɗaya da safar hannu kamar ya kama ɗan akuya. Ustaza ta duba hoton. Ta ce, "Khalas. Ku cire mutumin daga zargi." Sannan ta juya kan sabon asusun, domin can aikin gaske yake, kuma ta nan aka bi har aka fito da wasu 'yan matan daga baya. Wannan wani labarin ne, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai.

Yanzu ga abin da fim ba ya nuna muku. In an wanke mutum a sana'armu, ba a kiransa a ba shi haƙuri, ba a ba shi takarda, bai ma san an taɓa zarginsa ba. Izinin alƙali ne yake faɗuwa nan take. Daga wannan lokacin ba ki da ikon jin ko tarinsa, kuma duk abin da aka tara a kansa sai an goge, wanda ya tara shi ne yake gogewa, shugaba tana tsaye tana shaida. Doka ce mai kyau. Ni da kaina ina koyar da ita, kuma duk wanda ya karya ta a cikinku ba ɗalibina ba ne.

Da safen ranar jirgin na zauna gogewa. Ustaza tana bayana, Baba Usman yana gefe da kofin shayinsa. Na buɗe ma'ajiyar, sai na ga wani sabon saƙon murya ya faɗo kafin a katse layin, daga ƙanwarsa, wadda take jinyar Inna. An sa hannu a wanke shi tun jiya, don haka saƙon ya shigo bayan izini ya faɗi. Ba nawa ba ne. Ina ganin ɗan zanen muryar a allo, gajere, ga alamar kunnawa a gefensa, yatsana a kan linzamin kwamfuta.

Baba Usman ya ga inda idona yake. A hankali, da Hausa, don kada Ustaza ta ji, ya ce, "'Yata, ba gidanku ba ne."

"Na sani, Baba."

Na zaɓe su duka, na watanni, da gaisuwar da rigimar da muryar tsohuwar, da wanda ban ji ba, na danna. Injin ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ustaza ta sa hannu ta dafa kafaɗata ta wuce. Da rana jami'in filin jirgi ya aiko da layi ɗaya cewa fasinjan ya wuce ba matsala, kuma wannan ne abu na ƙarshe da na sani game da shi.

Na ƙarasa wa'adina a 2021 na dawo. Baba Usman ya koma Sudan, mukan gaisa da salla in layi ya yi kyau, har yanzu yana cewa zai zo in kai shi Haɗeja. Ina kewar tsohon nan, ina kewar aikin, har Sarkin Shirme nakan tuna in yi murmushi. Amma in kuna son gaskiya, abin da ya fi tsaya min shi ne gidan nan da ba nawa ba. Na san sunan mutumin, na san layin da shagonsa yake a kasuwa, motar haya ɗaya ce tsakanina da Kano. Zan iya zuwa gobe in ce kan keke nake nema, in gaishe shi, in ce ya jikin Inna. Sai ya ce, Hajiya, a ina kika san Innata?

Ban je ba, kuma ba zan je ba. Har yau ban san ko ya same ta da rai ba.